Korar masu talla daga bakin makaranta: yadda aka kaya a zauren iyayen yara

Hedimasta: Assalamu alaikum iyaye. Daga ranar Litinin an hana duk wani mai talla zama a bakin get ɗin makaranta, tun daga safe har tashi. Dalili kuwa, a makon jiya yara bakwai 'yan aji biyu da aji uku sun kamu da amai da gudawa, biyu daga ciki sai da aka ƙara musu ruwa. Wanda yake son ɗansa ya ci wani abu lokacin tara, ya haɗo shi da shi daga gida. Mun gode.

Baban Sadiq: Madalla, Malam. Da ma an makara. Kullum na kawo yara sai na ga ƙudaje suna safa da marwa tsakanin kwata da farantan nan. Allah ya saka da alheri.

Maman Walida: Wa alaikumus salam. Walida tana cikin biyun da aka ƙara wa ruwa. Ranar Laraba ta dawo harshenta jawur, na ce me kika sha, ta ce ƙanƙara ta naira hamsin. Kafin la'asar ta fara amai, da magariba gudawa ta biyo. Tsakar dare na haska fuskarta da fitilar waya na ga ido ya faɗa, na ja fatar cikinta ta ƙi komawa da wuri. Babanta ya buga wa maƙwabci ƙofa aka kai mu asibiti a Keke Napep. Leda biyu ta sha. Alhamdu lillahi yanzu ta warware. Amma gaskiya ɗaya ce, ni ƙanƙarar nake zargi. Ba ta ci ƙosai ba, ba ta ci awara ba a ranar.

Malama mai aji biyu: Allah ya ƙara sauƙi, Maman Walida. Mun yi kewarta a aji.

Maman Haidar: Ina yi wa kowa sallama. Ni ce mai awarar da ke zama gindin darbejiya, kuma 'ya'yana uku suna makarantar nan, shi ya sa nake cikin zauren. Malam Hedimasta, da girmanka, an yi mana kuɗin goro. Waken suyata tun dare nake jiƙa shi, da asuba na kai niƙa, na tace, na tafasa, na zuba ruwan tsami, na matse. A gaban yaran nake soyawa, daga kasko sai hannu, har sai sun hura kafin su ci. Abin da nake sayarwa shi Haidar yake ci. Shekara huɗu ina wurin, wane uba ne ya taɓa zuwa ya ce awarata ta kwantar masa da ɗa? Da ribar nan nake sayen littafi da sabulu. In an kore ni zan koma bakin titi, ba zan mutu ba. Amma a tambayi malamai yara nawa ne awarar nan ce karin kumallonsu.

Baban Sadiq: Ba da ke nake ba, Hajiya. Amma doka ba ta zaɓe. In aka bar ki, gobe mai ƙanƙara ma ta ce a bar ta.

Malama mai aji biyu: Baban Sadiq, ka yi haƙuri in faɗi abin da nake gani, don ni ce a gabansu. Ajina ya haura yara tamanin. Wajen ƙarfe goma za ka ga kawuna sun fara sauka kan benci ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗauka rashin barci ne, sai wata rana na ce duk wanda ya karya kumallo ya ɗaga hannu. Ba su kai rabi ba. Cikin waɗanda suka ɗaga ma, da na bi su ɗaya-ɗaya, wasu ruwan bunu kawai suka sha. Akwai wani yaro da ke zuwa da ɗumamen tuwo a baƙar leda, ba ya ci sai ya zagaya bayan aji don kunya. Uwar da ba ta hura wuta da safe ba, naira ɗari take ba yaro ta ce ya sayi wani abu. Idan muka ce a haɗo su da abinci daga gida, wane gida muke nufi? Kuma in faɗa muku abin da zai faru: katangar baya ta zube ta gefen masai, ta nan za su riƙa haurawa su tsallaka babban titi su je neman abin sawa a baki. Mun gudu ba mu tsira ba ke nan.

Baban Ummi: Katangar nan ai ko akuyata tana tsallake ta ba tare da ta ɗaga wutsiya ba.

Hajiya Babba: Malama ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ina cikin matan da suka yi girki a shirin ciyar da 'yan firamare na tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2016. 'Yan aji ɗaya zuwa uku ake ciyarwa, naira 70 kan kowane yaro, daga baya a 2022 aka ce an mai da shi 100. A lokacin da aka fara, saba'in ɗin tana yin wani abu. Shinkafa da wake yau, gobe alala, wata rana a haɗa da ƙwai. Ranar ƙwai ko mai zazzaɓi sai ya lallaɓo. Da idona na ga yara suna ɓoye rabin ƙwai a aljihu su kai wa ƙannensu. Kafin mu fara sai da aka duba lafiyarmu, aka koya mana ɗaure kai da yanke farce da rufe abinci. To tun da aka dakatar da shirin a Janairun 2024, ni dai tukunyata tana kife. Su waɗannan masu tallar su ne suka toshe ramin, ko mun so ko mun ƙi. Kafin na tarayya ma, mu a Kano mun ga ciyarwa tun zamanin Kwankwaso. Yaran da suka saba cin abinci a makaranta ba a faɗa musu da baki cewa an daina.

Baban Sadiq: Hajiya, ita ciyarwar ma ba ta rasa nata ba. Lokacin da Kaduna ta fara tata a 2016, ai an yi ta ba da labarin yara suna cika aji maƙil, da an ci abinci a watse. Makaranta wurin karatu ce. Ciyar da yaro haƙƙin ubansa ne.

Hajiya Babba: Haƙƙinsa ne, ban musa ba. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ka je ka tambayi kwanon wake, ka tambayi kwalbar man gyaɗa. Uban da ke fita da asuba da baro ko kura bai san ma ko zai dawo da na tuwon dare ba. Kuma yaron da ya zo don ƙwai ya koyi baƙi biyu kafin ya gudu, ya fi wanda bai leƙo ba sam.

Anti Nas: Salam. Yanzu na sauka daga aiki na tarar da saƙo fiye da talatin. Bari in raba muku abin gida biyu, don ba duk talla ne ɗaya ba. Abin da aka soya ko aka tafasa aka ci da zafinsa, irin awara, ƙosai, ɗanwake, dafaffen dankali, wuta ta riga ta kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa. Inda muke samun matsala shi ne abin da ke da ɗanyen ruwa a ciki: ƙanƙara, zoɓo, kunun aya, lemon kwaɓi. Mutane suna ɗauka sanyi yana kashe cuta. Ba ya kashewa, ajiye ta yake yi. In an kwaɓa da ruwan rijiyar da ke kusa da masai, ƙwayar cutar tana nan cikin ƙanƙarar tana jira ta narke a bakin yaro. Ga kuma hura leda da baki kafin a zuba, ga gorunan roba da ake tsintowa a ɗauraye sama-sama. Kunun aya kuwa in wuta ta ɗauke ya huce, ba ya jimawa yake lalacewa. Sai yankakken gwanda da kankana da ƙuda ke sauka a kai. Saboda haka zargin Maman Walida yana kan hanya, duk da dai ba gwaji aka yi ba.

Anti Nas: Amma ina da tambaya ga Malam Hedimasta, kuma ba da raini ba. Idan yaro ya fito daga masai a makarantar nan, a ina yake wanke hannu?

Baban Ummi: Tofa.

Hedimasta: Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ɓoye ba. Famfon burtsatsenmu ya lalace tun zangon da ya wuce. Mun rubuta, muna jira. Yanzu 'yan garuwa muke saya jarka shida a rana daga aljihun malamai, ita ce ta sha, ita ce ta buta. Ba ta kaiwa sha biyu.

Anti Nas: To ka gani, Malam. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ko da Maman Haidar ta soya awararta a kaskon zinariya, yaron da ya fito daga masai ya damƙa da hannun da bai ga sabulu ba, cikinsa zai ɗauka. Haka abincin da aka ɗauro daga gida. Mun kori masu talla mun bar hannun.

Maman Haidar: Allah ya yi miki albarka, Anti. Sai dai ni ma na ji nawa, yajin da nake barbaɗawa da hannu nake yi, hannun da nake karɓar kuɗi. Zan nemi cokali.

Momin Afnan: Ni dai ban ga abin wahala ba. Kullum ina sa wa Afnan biskit biyu da lemon kwali ɗaya da fiya wata a jakarta, ba ta taɓa sayen komai a waje ba. Iyaye su daure mana.

Hajiya Babba: 'Yata, kuɗin lemon kwalin nan ɗaya, wata uwar da shi take ciyar da yara uku da safe.

Anti Nas: Momin Afnan, ta fuskar tsafta kin yi daidai, amma ta fuskar gina jiki wadda ta ci awarar ɗari ta fi Afnan riba. Biskit fulawa ce da sukari da mai, yawancin lemon kwalin nan kuma ruwa ne da sukari da ƙamshi. Kwalbar lemo ɗaya takan ɗauki sukari cokalin shayi takwas zuwa tara. Yaro zai ji ƙarfi na ɗan lokaci, sai yunwa ta dawo, haƙori kuma yana ci. Waken suya da wake da gyaɗa su ne naman talaka. Ki gwada mata dafaffen ƙwai ɗaya, ko alala, ko soyayyar gyaɗa da ayaba, ko kwaɗon zogale da ƙuli. Dankalin Hausa mai jan ciki yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ido ke buƙata. Wani abu kuma da iyaye ba su cika sani ba: shayi yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, shi kuwa lemon zaƙi ko gwaiba ko tumatir suna ƙara shi. Yaran da Malama take gani suna kwanciya a benci, ba yunwar ranar kaɗai ba ce, wasunsu ƙarancin jini ne. Ku ja fatar idon yaro ta ƙasa ku duba, ko tafin hannunsa. In ya yi fari fat, a kai shi a auna.

Momin Afnan: Ikon Allah. Ni da nake ganin ina gata. Afnan ba ta cin zogale ko da kuɗi, amma ƙwai za ta ci.

Baban Sadiq: Tunda Anti kina nan, ni akwai abin da ya fi talla damuna. Bara aka zo aka jera yara aka auna tsayinsu da sanda aka ba su wata ƙatuwar ƙwaya, Sadiq ya dawo yana jiri yana riƙe ciki. Ba wanda ya tambaye ni. Mu mutanen Kano ba mu manta da gwajin maganin sanƙarau na Pfizer a 1996 ba. Ba na son a riƙa ɗura wa ɗana abin da ban sani ba.

Anti Nas: Kana da gaskiya a kan sanarwa, ya kamata a gaya wa iyaye kafin ranar. Abin da ya faru a 1996 kuma ba ƙarya ba ne, ba wanda zai ce ka manta. Sai dai wancan sabon magani ne ake gwadawa. Wannan na sandar awo tsohon magani ne da aka daɗe ana amfani da shi a duniya, sunansa praziquantel, na tsargiya. Tsayin yaro ake bi a san ƙwaya nawa za a ba shi. Tsargiyar kuwa daga wankan kududdufi da rafi da madatsar ruwa ake ɗaukarta, inda katantanwa ke zama, ƙwayar tana ratsa fata. Yaron da ke fitsarin jini a ƙarshen fitsari, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa, ciwo ne, kuma yana cin jini yana lalata mafitsara a hankali. Akwai kuma wata ƙwayar da ake taunawa, ita ta tsutsar ciki ce. Abin da zan tambaye ka: ranar Sadiq ya karya kafin ya tafi?

Baban Sadiq: Bari in tambayi uwarsa.

Baban Sadiq: Ta ce ya makara, shayi kawai ya kurɓa.

Anti Nas: Shi ke nan. Maganin nan ba a son a sha shi ciki wayam, yana sa jiri da tashin zuciya da murɗar ciki, musamman ga mai tsutsar da yawa. Mun sake dawowa kan karin kumallo.

Baban Ummi: Ashe har gidan masu cewa a ɗauro daga gida ana makara. Hhh. Ka yafe ni, Alhaji.

Baban Sadiq: Za mu haɗu a masallaci ai.

Maman Walida: Anti, don Allah ki rubuta mana yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Daren nan na rikice, kemis a rufe, na rasa cokali nawa ne.

Anti Nas: In akwai na sacet ɗin ORS ya fi, a ajiye biyu a gida kullum. In babu: ruwa lita ɗaya da aka tafasa ya huce, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Kada ya fi hawaye gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya, kuma kada a hana shi abinci. Amma in ido ya faɗa, ko ya kasa sha, ko akwai jini, ko gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, wannan ba na gida ba ne, a tafi asibiti ko ƙarfe nawa ne.

Malama mai aji biyu: Wani abu yana cina tun ɗazu. Yarinyar da ke kawo ƙanƙarar nan a kula ba ta wuce shekara goma ba. Idan muna karatu takan tsaya jikin taga tana maimaita abin da yara ke faɗa. Ba ita ke haɗawa ba, ɗora mata ake yi. In za a hana, a je a samu uwarta, kada maigadi ya bi ta da bulala.

Alhaji Ciyaman: Na karanta duka, na gode wa kowa. Malam Hedimasta, ga shawarata a matsayin shugaban iyaye, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A bar dokarka a kan ƙanƙara da duk abin sha na ƙulli da yankakken kayan marmari. Masu abinci mai zafi kuma a rubuta sunayensu, a shigo da su ciki gindin darbejiya lokacin tara kawai, da murfi da cokali da ɗaurin kai. Hajiya Babba ta san aikin, ta duba su. Anti ta zo sau ɗaya a wata in ta samu hali. Na famfo kuma mu daina jira, a kira mai gyara ya faɗi kuɗi mu yi karo-karo.

Hedimasta: Alhaji, na ji, kuma ban ƙi ba. Amma ku dubi inda nake tsaye. Yau kowa yana da baki a zaure. Ranar da yaro ya ci abu a cikin harabar makaranta, Allah ya kiyaye, wani abu ya same shi, ba Ciyaman za a kira ofis ba, ni za a kira. Maigadi ɗaya gare ni, tsoho. Kuma kasko da tafasasshen mai a tsakiyar yara ɗaruruwa suna guje-guje, wa ya yi tunanin wannan? In kuna so, a rubuta a takarda, kwamitin makaranta ya sa hannu, a kewaye wurin suyar, sannan in amince.

Maman Haidar: Wannan gaskiya ce, Malam. Ko a waje sai na yi ta korar su daga bakin murhu. In an ba ni lungun bayan ofis, benci biyu sun isa su tare.

Hajiya Babba: Zan duba su, amma da sharaɗi. Wadda na ce ta gyara ta ƙi, ko 'yar wace ce, za ta fita. Kada a zo mini da roƙo.

Anti Nas: Kafin famfo ya gyaru akwai dabarar da ba ta cin ruwa. Galan mai lita biyar, a huda shi kusa da baki da ƙusa mai zafi, a rataye a sanda tsakanin itace biyu, a ɗaura igiya daga bakinsa zuwa wata sanda a ƙasa. Yaro ya taka, galan ya karkata, ruwa ya zubo siriri, hannu bai taɓa komai ba. A rataye sabulu a igiya, in ya ƙare a sa toka. Biyu a bakin masai, biyu wajen masu abinci.

Baban Ummi: Galan huɗu a wuyana, akwai su a gareji. Na man gyaɗa ne, ba na baƙin mai ba, kafin Anti ta tambaya.

Baban Sadiq: Ni har yanzu ina ganin za a fara da kyau ne, bayan wata biyu a koma gidan jiya. Mun sha gani. Amma na famfo ku sa sunana, zan ba da nawa. Kuma a riƙa sanar da mu kafin ranar magani.

Hedimasta: An karɓa. Dokar Litinin tana nan har sai an zauna. Zama ranar Asabar ƙarfe goma a aji shida. Malama, ki nemo mana gidan su yarinyar nan mai kula.

Maman Haidar: To ranar Litinin ɗin in jiƙa wake ko kada in jiƙa?

Alhaji Ciyaman: Ki bari sai mun fito daga zaman Asabar, zan kira ki kafin magariba.